Sensar Zafin Iskar Injin Mota: Aikinta, Gwajinta da Sharuɗɗan Canza Ta

Daga cikin ƙananan na'urorin da injin motar zamani ya dogara da su akwai wadda ke auna zafin iskar da injin ke zuƙa, wadda littattafan kamfanonin mota ke taƙaita sunanta da IAT, ita ce kuma ake nufi da sensar zafin iska a wannan sharhi. Girmanta bai kai ɗan yatsa ba, wayoyinta biyu ne kacal, babu kuma wani abu da ke motsi a cikinta, amma duk da wannan sauƙin ƙira tana cikin kayan da ake yawan cirewa a jefar alhali lafiyarsu ƙalau. Dalili kuwa shi ne da zarar fitilar cek-injin ta kama, aka jona sikana ta nuna lambar da ke ɗauke da sunan sensar, sai a ɗauka hukunci ya riga ya yanke, a aika yaro kasuwa ya sayo wata. Abin da ya kamata a fahimta shi ne lambar matsala tana nuni ne ga hanyar lantarki gaba ɗaya, wato sensar da soket ɗinta da wayoyinta da kwamfutar injin, kuma gwaji ne kaɗai ke iya fayyace wanne ne daga cikinsu ya gaza.

Dalilin auna zafin iska

Injin fetur yana aiki ne ta hanyar ƙona cakuɗen iska da mai a cikin silinda, kuma domin mai ya ƙone sarai ana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na fetur. Lissafin na nauyi ne, alhali abin da silinda ke zuƙa a kowane bugu cikinta ne, wanda girmansa ba ya canzawa ko da rani ko da hunturu. A nan ne zafi ke shigowa, domin iska tana buɗewa idan ta yi zafi, ta kuma tsuke idan ta yi sanyi, ta yadda mazubi ɗaya zai ɗauki iska mai nauyi daban-daban gwargwadon yanayi. A daidai gaɓar teku, mita kubik ɗaya na busasshiyar iska yana da nauyin kusan kilo 1.29 a digiri sifili na ma'aunin Salshiyas, da kusan 1.20 a digiri 20, da kusan 1.13 a digiri 40. Ke nan tsakanin asubar hunturu a Jos da azahar ɗin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40, iskar da ke cika silinda ɗaya tana iya bambanta da abin da ya kai kashi goma cikin ɗari saboda zafi kawai, kuma kwamfutar da ba ta san da wannan bambanci ba za ta zuba mai fiye da kima a wani lokaci, ta kuma gaza a wani.

A zamanin kafireto ba a auna wannan zafi da lantarki, sai dai bakanike ya saita sukurori gwargwadon yadda kunnensa ya ji ƙarar injin. Sauyin ya kankama ne a 1967, lokacin da kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da tsarin fesa mai na lantarki mai suna D-Jetronic a kan Volkswagen 1600, wanda ke lissafa yawan iska daga matsin da ke cikin bututun shigarta da gudun injin, sannan ya gyara lissafin da zafinta. Har yau wannan hanya tana nan a motocin da ke amfani da sensar matsi ta MAP, kuma a irin waɗannan injuna sensar zafin iska tana da tasiri kai tsaye a kan tsawon lokacin da nozul zai buɗe ya fesa mai. Hanya ta biyu ita ce ta eyafulo, wato na'urar MAF, wadda ke auna nauyin iskar da ke wucewa ta hanyar wata siririyar waya mai zafi da iska ke sanyayawa. A injunan da ke da eyafulo tasirin sensar zafin iska a kan yawan mai ya ragu, amma bai gushe ba a sauran ayyuka.

Mafi muhimmanci daga cikin sauran ayyukan shi ne lokacin da fulogi ke ba da wuta. Iska mai zafi tana sa cakuɗen ya fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi, sai a ji injin yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, musamman a kan hawa ko idan an taka totur da kaya, kuma wannan fashewa tana cin kan fistin idan ta daɗe. Domin kauce wa haka, kwamfuta tana jinkirta wutar fulogi idan sensar ta ba da labarin cewa iska ta yi zafi, abin da ke kare injin amma yana rage masa ƙarfi. A injuna masu tabo, waɗanda ke matsa iska kafin ta shiga silinda har ta ƙara zafi, akan sa sensar bayan na'urar sanyaya iskar, domin kwamfuta ta san ainihin zafin abin da zai shiga.

Ƙirar sensar da hanyar lantarkinta

Abin da ke cikin sensar wani ɗan ƙwallo ne da bai wuce kan ashana ba, wanda ake kira tamista, ana yinsa daga cakuɗen sinadaran ƙarfe irin su manganis da nikel, a lulluɓe shi da gilashi ko roba, a ɗora shi a kan siraran ƙafafu biyu cikin wani ɗan keji domin iska ta riƙa ratsa shi. Halinsa shi ne turjiyarsa, wato yadda yake hana lantarki wucewa, tana raguwa idan ya yi zafi, tana kuma ƙaruwa idan ya yi sanyi, saɓanin yawancin ƙarafa. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, shi ne ya fara lura da wannan hali a wani sinadarin azurfa a 1833. Ana auna turjiya da ma'aunin om, kuma a sensar Bosch da ta yaɗu a motocin Turai adadin yakan kasance kusan om 5,900 a digiri sifili, da 2,500 a digiri 20, da 1,175 a digiri 40, da kusan 320 a digiri 80. Sensar General Motors ta Amurka kuwa tana nuna kusan om 3,520 a digiri 20, wanda ke nuna cewa kowane kamfani yana da jadawalinsa.

Kwamfutar injin ba ta karanta turjiya kai tsaye. Tana tura folt 5 ta cikin wata tsayayyar turjiya da ke jikinta zuwa ɗaya daga cikin wayoyin sensar, ɗayar wayar kuma ta koma at, wato hanyar komawar lantarki, sannan kwamfutar ta riƙa duba yawan folt ɗin da ya rage a tsakanin turjiyoyin biyu. Idan iska ta yi sanyi turjiyar sensar tana da yawa, folt ɗin da ake karantawa ya hau, idan kuma ta yi zafi turjiyar ta faɗi, folt ɗin ya sauka. Daga wannan bayani ake gane abubuwa biyu da duk gwajin ya ginu a kansu. Na farko, idan waya ta tsinke ko soket ya fita, folt zai tsaya kusa da 5, kwamfuta ta fassara shi da matsanancin sanyi, sikana ta nuna digiri 40 ƙasa da sifili, wanda shi ne ƙarshen ma'auninta ta ƙasa. Na biyu, idan wayar saƙo, wato mai ɗauke da folt ɗin da kwamfuta ke karantawa, ta goge ta taɓa bodi, folt zai faɗi kusa da sifili, sikana ta nuna zafin da ya kai digiri 140 ko makamancin haka.

Wurin da sensar take ya danganta da mota. A wasu tana soke a jikin tiyon da ya taso daga gidan iyakilina zuwa totur, a wasu an ɗaura ta da zare a jikin manifol, a wasu kuma an haɗa ta da sensar matsi a gida ɗaya. A yawancin motocin Toyota da suka cika titunan Kano da Kaduna da Yamai, irin su Corolla da Camry, tana cikin gidan eyafulo, inda ake iya ganin ɗan ƙwallon mai ruwan zuma a gefe idan an zaro na'urar, kuma wayoyi biyu daga cikin biyar na soket ɗin su ne nata, waɗanda zanen wayarin na Toyota ke kira THA da E2.

Lambobin matsala da alamomi

Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasar tsarin binciken kai na OBD-II mai soket ɗin ramuka 16, Tarayyar Turai kuma ta wajabta makamancinsa ga motocin fetur daga 2001, shi ya sa yawancin motocin Beljiyam da na Amurka da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas suke magana da sikana da lambobi iri ɗaya. Lambobi biyar ne suka fi shafar wannan sensa. P0110 tana nufin matsala a hanyar lantarkin ba tare da fayyacewa ba, P0111 tana nufin adadin da ake karantawa bai dace da hankali ba ko ba ya motsawa yadda ya kamata, P0112 tana nufin folt ya yi ƙasa, P0113 tana nufin folt ya yi sama, P0114 kuma tana nufin saƙon yana yankewa yana dawowa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka P0113 na nufin iska ta yi zafi, alhali folt ne ya yi sama, wanda a wurin kwamfuta sanyi ne, kuma daga cikin abubuwan da ke yawan haddasa shi akwai soket da aka manta ba a mayar ba bayan an canza iyakilina.

Alamomin da direba ke ji sau da yawa ba su da tsanani, domin idan kwamfuta ta gane hanyar ta mutu ɗungurungum takan yi watsi da ita ta ɗauki wani adadi na wucin gadi, wanda a motocin Toyota da yawa digiri 20 ne, sannan sensar iskar oksijin da ke jikin salansa ta riƙa gyara yawan mai bayan injin ya ɗumama. Abin da akan lura da shi shi ne ƙarin shan mai, da ɗan wahalar tashi, da rashin daidaiton silo, da kasala a kan hawa. Tun da dattin totur da gajiyayyun fulogogi da ɓular tiyo duk suna kawo irin waɗannan alamu, babu yadda za a yi a ɗora wa sensar laifi daga jin ƙorafin mai mota kawai. Matsalar da ta fi illa ma ita ce wadda ba ta kunna fitila, wato lokacin da sensar ke ba da adadi na ƙarya amma mai kama da gaskiya. Idan tsatsa ta ƙara om 500 a kan 1,175 na sensar Bosch a digiri 40, jimillar za ta yi kusan daidai da abin da jadawali ya ba digiri 30, kwamfuta kuma ta gaskata, ta ƙara mai, ta gaggauta wutar fulogi a ranar da injin ya fi buƙatar kariya.

Yanayin ƙasar Hausa yana da nasa hannu a wannan lamari. Ƙurar hunturu tana ratsa iyakilinar da ta yage ko aka kakkaɓe ta sau da yawa, ta haɗu da tururin baƙin mai da ke dawowa ta bututun numfashin injin, ta yi wa ƙwallon ɓawo, wanda ke sa ya yi jinkirin jin sauyin zafi. Wankin injin da ruwa mai ƙarfi yana tura danshi cikin soket, bayan wasu makonni a tarar ƙafafun tagulla sun yi kore. Zafin da ke ƙarƙashin bonet yana busar da robar wayoyi har ta riƙa karyewa daidai bakin soket, ɓeraye kuma suna cin wayarin motar da ta daɗe a ajiye. Akwai kuma halin da sensar ke faɗin gaskiya amma a zarge ta, kamar idan tiyon da ke ɗebo iska daga waje ya ɓace, injin ya koma zuƙar iskar bayan lagireto, ko idan an kashe mota da zafinta aka sake tayarwa bayan 'yan mintoci, inda adadin kan hau sosai kafin ya sauko da an kama hanya. Canza sensa a irin waɗannan halaye shi ne a bar jaki a daki taiki.

Matakan gwaji

Gwaji mafi sauƙi ana yinsa ne da safe, bayan mota ta kwana a kashe, lokacin da ƙarfe da ruwa da iskar da ke cikinta duk sun koma zafi ɗaya. Ana murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, a buɗe shafin bayanan kai tsaye a sikana, a kwatanta zafin iska da zafin ruwan lagireto da zafin gari. Idan duka ukun sun yi kusa da juna, tazararsu ba ta wuce digiri uku zuwa biyar ba, to sensar da wayoyinta suna faɗin gaskiya a wannan zafi. Idan ruwa ya nuna 27, iska ta nuna 12, akwai ƙarin turjiya a wani wuri ko kuma sensar ba ta motar ba ce.

Mataki na biyu yana raba laifin sensa da na wayarin. Ana zare soket ɗin, sikana ta faɗi zuwa 40 ƙasa da sifili, sannan a haɗa ramuka biyun na sensar da guntun waya, sikana ta haura zuwa ƙarshen ma'auni ta sama. Idan duka biyun sun faru, wayoyi da kwamfuta lafiyarsu lau, zargi ya koma kan sensar ko kan yadda ƙafafunta ke kama soket. Idan an haɗa amma adadin bai motsa ba, akwai tsinkewa a ɗaya daga cikin wayoyin. A soket ɗin eyafulo wajibi ne a duba zanen wayarin kafin a soka komai, domin ɗaya daga cikin ramukan yana ɗauke da folt 12 na batir, kuma haɗa shi da wayar saƙo yana iya ƙona kwamfutar da kuɗinta ya ninka na sensar sau da yawa. Wanda ba shi da sikana yana iya yin wannan bincike da mita, ya auna tsakanin ramuka biyun alhali makulli na kunne, inda ake sa ran ganin kusan folt 5. Idan babu, sai ya mayar da baƙar sandar mitar kan bodi, in folt ya bayyana to wayar at ce ta tsinke. Da yake sensoci da dama suna tarayya a wayar at ɗaya, bayyanar lambobin sensar ruwa da ta totur da ta iska a lokaci guda alama ce mai ƙarfi cewa matsalar tana wannan waya.

Mataki na uku shi ne auna sensar ita kanta, a cire, ba wuta a jikinta. Ana saita mita a kan om, a ɗora sandunan a ƙafafun biyu, a kwatanta adadin da jadawalin motar a zafin da ake ciki. Adadi ɗaya bai isa hujja ba, domin tamistar da ta tsage tana iya nuna daidai a digiri 30 ta yanke a digiri 60. Saboda haka ana hura mata iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi daga ɗan nesa, ido na kan mita, inda lafiyayyar sensa za ta nuna lambobi suna sauka a jere daga dubu biyu zuwa dubu ɗaya zuwa ɗari shida ba tare da tsalle ba, su kuma hau a hankali idan an janye zafin. Duk tsalle ko tsayawa cik ko komawar mita kan alamar buɗaɗɗiyar hanya hujja ce ta lalacewa. Ba a amfani da ashana ko laita, domin harshen wuta yana narkar da kejin roba. Idan lambar P0114 ce, ana mayar da komai, a riƙa girgiza wayoyin taki bayan taki daga soket zuwa inda suka shige cikin ɗaurin wayarin, ana kallon sikana, wurin da adadin ya yi tsalle nan ne karayar take.

Canji da abin da ke biyo bayansa

Idan datti ne kawai, ana fesa maganin wanke eyafulo, wanda ke bushewa ba ya barin maiƙo, a bar sensar ta sha iska kafin a mayar. Fetur da maganin wanke kafireto da burushi da iskar kwamfuresa duk suna iya lalata robar ko su tsinka siririyar wayar eyafulo. Idan kuwa gwaji ya tabbatar da mutuwarta, aikin canjin gajere ne. Ana kashe makulli, a bar injin ya huce, a danna harshen soket a ja shi ta jikinsa, kada a ja ta wayoyi. Wadda ke soke a tiyo ana murɗa ta a hankali a zaro, a duba robar da ke riƙe ta, domin idan ta tsage iskar da ba a tace ba za ta riƙa shiga ta nan. Mai zare ana kwance ta da sifana, a fara ɗaura sabuwar da hannu domin kada zaren ya hau karkace, a ƙarasa ba tare da matsewa fiye da kima ba, musamman a manifol na roba. Wadda ke cikin eyafulo ba a sayar da ita ita kaɗai, sai dai a canza na'urar baki ɗaya, wanda hakan ƙarin dalili ne na tabbatarwa kafin a kashe kuɗi.

Zaɓen abin da za a sa shi ne inda aka fi yin tuntuɓe, domin shigar soket ba ta nufin dacewa. Idan aka sa sensar da ke nuna om 3,520 a digiri 20 a motar da kwamfutarta ke jiran 2,500, za ta karanta kusan digiri 12, fitila ba za ta kama ba, motar kuma za ta ci gaba da aiki da lissafin da ba daidai ba har tsawon shekaru. Saboda haka lambar da ke jikin tsohuwar ita ce abin bi. Kayan Beljiyam da ake samu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suna iya yin aiki sosai, kuma mai saye da ya tafi da mita a aljihu yana iya tantance sensa a gaban mai shago cikin minti ɗaya, ya auna ta, ya riƙe ƙwallon a tafin hannunsa ya ga ko adadin zai motsa. Dabarar soka tsayayyar turjiya a soket domin fitila ta mutu, ko cire ƙwan fitilar daga dashbod, tana makantar da kwamfuta ne, ta kuma ɓoye wa mai mota duk wata matsala da za ta zo nan gaba.

Bayan an ɗaura sabuwa ana goge lambar da sikana, a duba ko adadin ya dace da zafin gari, a zagaya da motar ana lura da yadda yake hawa a tsaye yana sauka a kan gudu. Ko ba a goge ba, tsarin OBD-II yana kashe fitilar da kansa bayan tafiye-tafiye uku a jere da bai ga matsalar ba. Cire kan batir domin goge lamba yana share har da gyare-gyaren mai da kwamfuta ta koya, shi ya sa wasu motoci ke yin silo marar kyau na ɗan lokaci bayan haka.

Darasin da wannan ƙaramar na'ura ke koyarwa ya shafi sensar ruwa da sauran sensocin zafi masu waya biyu, domin hanyar lantarkinsu iri ɗaya ce, kuma yaron gareji da ya gane dalilin da ya sa zare soket ke nuna 40 ƙasa da sifili ya mallaki ilimin da zai yi masa aiki a kan kowace mota. Mita ba ta da tsada, duk gwaje-gwajen da aka bayyana ba su wuce rabin awa ba, kuma Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Haƙƙin mai mota ne ya tambayi adadin da aka auna kafin ya biya kuɗin sabon kaya, haƙƙin ogan gareji kuma shi ne ya koya wa yaransa karanta wannan adadi tun kafin ya koya musu kwance sukurori.